Kwalin Kurakuran Doña Ofelia

A unguwar da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Rosario, kowa ya san abu biyu game da Doña Ofelia Bertolotti. Na farko, ta yi shekara ashirin da biyu tana huda katin kwamfuta. Na biyu, a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa yin kuskure ba. Wannan na biyun daga bakinta aka ji shi. Ta faɗa wa mai burodi, ta faɗa wa mahauci, ta faɗa wa likitan da ke duba mata ciwon gaɓoɓi, limamin coci kuwa har ya gaji da ji. Da yake ba macen da ake ja da ita ba ce, sai kowa ya bar mata a haka.

Ubanta mai gyaran layin dogo ne, mutum mai zafin zuciya, wanda idan ya ce aiki ya yi to ya yi. Shi ta gado. Tana da shekara goma sha tara, a 1968, ta sami aiki a wani babban kamfanin hatsi da ke bakin kogi. Motocin alkama da masara su hau sikeli, ma'auni, wato mai awo, ya rubuta nauyinsu a takarda da wani irin rubutu kamar kaji sun yi tono a wurin, sai a hau da takardun bene, ɗakin da mata goma sha biyu ke zaune gaban injuna. Shida masu huda ne, shida masu dubawa. Mai huda ta kalli takarda ta buga lambobin, inji ya yi wa kati ƙananan huji, domin da hujin nan kwamfutar wancan zamani ke karatu. Daga nan katin ya tafi wurin mai dubawa, ita ma ta sake buga lambobin nan daga takarda ɗaya. Idan bugu biyun suka zo daidai, shi ke nan. Idan suka saɓa, injin mai dubawa ya cije, jar fitila ta kama, ya gutsuri saman katin daidai inda ɓarnar take. Sai a mayar wa mai huda ta sake sabo, gurɓataccen kuma a jefa shi kwandon shara.

Kowace mai huda da tata mai dubawar. Ofelia aka haɗa ta da Zulema Aráoz, wata siririyar mata mai tabarau da ta girme ta da shekara biyu. Kai, wanda ya yi wannan haɗin bai kyauta wa kowa ba!

Sauran masu dubawa idan sun kama kuskure, sai su zura katin cikin tire shiru, kowa ya rufa wa kowa asiri. Zulema kuwa ina! Sai ta ɗaga katin sama da yatsu biyu, ta ce da ƙarfi, "Tebur na huɗu, ga saƙonki!" Ofelia ta taso fuska a murtuke, ta fizge, ta ce rubutun ma'auni ne, ko injin ne ke tsalle, ko kuma ita Zuleman ce ta buga ba daidai ba. Shekara ashirin da biyu suna haka. Da ƙarfe goma ƙoƙon shayin mate ya zagayo, su zuƙa da tsinke ɗaya kamar kowa, don a garin nan ko da maƙiyinka ba a tsallake shi a zagayen ƙoƙo. Amma ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa su ba. Ofelia ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, ta binne ubanta, daga baya ta binne mijinta, duk tana tebur na huɗu. A 1990 aka kawo sababbin na'urori masu allo, aka sallami matan ɗakin gaba ɗaya. Ranar ƙarshe Ofelia ta yi sallama da mata goma, ta wuce ta goma sha ɗayan kamar ba ta gan ta ba.

Shekaru suka ja. 'Yarta ta tafi ƙasar waje da mijinta, yatsun Ofelia suka fara kumbura, gida ya yi shiru. Sai ga wani malamin lissafi mai ritaya, Don Hilario Montenegro, ya buɗe gidan tarihin kwamfuta a tsohon siton jirgin ƙasa. Mutumin nan ya yi shekara talatin yana bin masu sayen tsohon ƙarfe yana ƙwato abin da suke shirin farfasawa, har matarsa ta ce ko shi da tarkacensa su fita, ko ita ta fita. Tarkacen ne suka fita. Akwai kabad-kabad na ƙarfe da suka fi mutum tsayi, akwai faya-fayai masu faɗin tiren abinci, da ƙananan na'urorin da yara ke haɗawa da talabijin suna ɗora musu wasa daga kaset. A jikin kowanne an manna takarda da sunan injiniyan da ya ƙera shi ko ya kawo shi ƙasar. A can kusurwa kuwa, ga injin huda kati ɗaya da aka tono daga ƙasan benen kamfanin hatsi. Babu wanda ya iya sarrafa shi a duk garin, sai da aka kai wa Don Hilario labarin Doña Ofelia.

Nan rayuwarta ta dawo sabuwa. Duk Asabar sai ta sa rigarta mai ruwan toka, ta zauna gaban injin, ta tambayi baƙo sunansa, ta buga tas-tas-tas, ta miƙa masa kati da sunansa a huje ya tafi da shi gida. Kuma duk wanda ya karɓa sai ya ji, "Shekara ashirin da biyu, ɗana, ko kuskure ɗaya." Mutane su yi tafi. Shekara uku tana haka, ta ji daɗinsu ƙwarai, ba ta ɓoye ba.

Wata Asabar ta shigo, ta tarar an kafa sabon akwatin gilashi daidai kusa da injinta. A ciki ga wani tsohon kwalin takalmi a buɗe, cike da katuna an ɗaure su dami-dami da zare, wasu an baje su a gaba. Kowanne da gutsure a samansa. Tun kafin ta karanta takardar da ke jikin gilashin ta gane su. An rubuta: "Katuna ɗari uku da tamanin da shida da aka mayar saboda kuskure, 1968 zuwa 1990. Mai huda: Ofelia Bertolotti. Kyauta daga mai dubawarta, Zulema Aráoz."

Ashe muguwar ba ta taɓa barin ko ɗaya a kwandon shara ba. Tsince su take yi ta zura cikin jakarta, ta kai gida, ta rubuta kwanan wata a bayan kowanne da fensir. Tabɗi! Mutum ya yi shekara ashirin da biyu yana tara kuskuren wani, ya ƙara ashirin da huɗu yana kare shi daga gara da danshi. Wannan ai ƙiyayya ce mai haƙuri.

Don Hilario ya taho yana murza hannu, fuska cike da fara'a. "Doña Ofelia, kin ga abin da muka samu? Irin wannan babu shi a ko'ina! Kowa jefarwa yake yi."

"Ka cire shi," in ji Ofelia.

"In cire me?"

"Kurma ne kai? Na ce ka cire wannan ƙazantar daga kusa da injina. Ƙarya ce aka ɗaure da zare!"

"Haba, Doña, ai ba abin kunya ba ne. Kati nawa kika huda a rayuwarki? Miliyoyi! A cikinsu ɗari uku da..."

"Kada ka kawo mini lissafinka na 'yan makaranta. Ni ka tambaya ko ita? Tsohuwar banza ta kawo maka shara a kwali, kai kuma da furfurarka ka saya mata gilashi!"

Ba su gama ba baƙi suka fara shigowa, dole ta zauna. Ta huda wa mutum uku suna cikin fushi. Ta miƙa wa na huɗun katinsa, bakinta ya buɗe da kansa, "Shekara ashirin da biyu, ɗana, ko kus..."

"Tebur na huɗu, ga saƙonki!"

Muryar ta tsufa, amma ita ce. Zulema na tsaye jikin gilashin da sandarta, ta sha jan baki kamar mai zuwa biki, tana ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Ku matso, jama'a, ku ga aikin gwana," in ji Zulema. "Wannan na gaban, mota ta kawo tan bakwai, baiwar Allah ta mayar da ita tan saba'in. Da ban kama ba, da har yanzu ana neman sauran alkamar."

Mutane suka fashe da dariya. Ofelia ta miƙe tsaye.

"Au, ashe ba ki mutu ba? Na ɗauka tuni an huta."

"Ina zan mutu in bar ki kina yi wa jikokin mutane ƙarya? Ke ko kunya ba kya ji?"

"Kunya? Ke da kika ƙare rayuwarki kina tsince-tsince a kwandon shara? Da kina da abin yi a gidanki, da ba ki zauna kina goge katin wata ba. Ɓarauniya kawai! Kayan kamfani ne kika sata."

"Kayan shara ne na tsinta. Ke kika cika kwandon, ni na kwashe. Ai godiya ya kamata ki yi mini."

"Injin ne ke tsalle, kowa ya sani!"

"Injin nan da kike zaune a gabansa? To, ga shi nan, ki tambaye shi."

Aka sake dariya, har wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Ofelia ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ba ta taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba. Ta kashe injin, ta zare mabuɗinsa ta jefa a jaka, ta dubi Don Hilario ta ce, "Ko ni ko kwalin nan. Ka zaɓa." Ta fice ba ta waiwaya ba.

Asabar uku injin na rufe da zane. Don Hilario ya zo gidanta da kwalin alawa, ta karɓi alawar ta bar shi a bakin ƙofa. Ya ce zai mayar da gilashin can ƙuryar sito, ta ce ko a banɗaki ya sa shi ba ta yarda ba. Ya ce zai goge sunanta daga takardar, ta ce garin duka ya riga ya karanta. Baƙi kuwa suka fara raguwa, don ba wanda ke tasowa daga nesa ya kalli kabad ɗin ƙarfe da ba ya motsi. A mako na huɗu Don Hilario ya sunkuyar da kai, ya yaga takardar, ya ɗauki kwalin da hannunsa ya mayar wa Zulema.

Ofelia ta dawo kamar sarauniya. Ta tsaya gaban gilashin da babu komai a ciki, ta gyara wuyan riga, ta ce, "Yawwa. Yanzu sai ka nemo katunana na ƙwarai ka zuba a nan, ka rubuta sunana yadda ya kamata."

Don Hilario ya dube ta. Shi ma ransa a ɓace yake, bai tsaya tauna maganar ba.

"Waɗanne katunan?"

"Nawa mana. Ɗaki guda ne cike da su a ƙasan bene, har rufi."

"Babu su, Doña. Shekarar da aka sallame ku aka loda su a motoci aka kai masana'antar takarda, aka jiƙa aka niƙe. Na yi shekara goma ina nema, ko ɗaya ban samu ba. Waɗanda kike huda wa baƙi sababbi ne, kuma tafiya suke da su. A duk duniyar nan, abin da ya rage na aikin hannunki shi ne kwalin da kika sa na fitar. Kuma takardar nan da kika sa na yaga, ita kaɗai ce a ginin nan mai sunan wata daga cikin ku goma sha biyun."

"Sai me?" in ji Ofelia. "Gara babu."

Haka ta ce. Amma ranar ta huda sunaye ba ta yi wa kowa jawabin shekara ashirin da biyu ba. Ta zagaya siton bayan baƙi sun watse, tana karanta takardun da ke jikin na'urori ɗaya bayan ɗaya. Injiniya wane, injiniya wane, farfesa wane. Wasu ma ta san su, sun sha hawo benen suna yi musu tsawa su yi sauri. Ta koma gida ta dafa taliya ta kasa ci.

Washegari Lahadi, ta dawo daga coci ke nan waya ta yi ƙara.

"Na ji an ce kin ci nasara," in ji Zulema. "Barka. To, ni ma na gaji da ajiyar shara. Yau surukina Néstor zai gasa nama, ga gawayin ya sha danshi. Katunan nan kuwa sun bushe ƙayau, za su kama wuta da kyau. Na ce bari in gaya miki ki kwantar da hankalinki." Ta ajiye wayar.

Ofelia ta tsaya riƙe da kan waya. Abin da ta nema ke nan, ko ba shi ba? Nan da awa ɗaya babu sauran shaida, ta koma wadda ba ta taɓa kuskure ba har ta mutu. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Ta zagi Zulema, ta haɗa da kakanninta. Sannan ta ɗauki jakarta ta fita, ko takalmin coci ba ta canza ba.

Motar haya biyu ta hau kafin ta kai. Tun daga bakin titi take jin ƙamshin hayaƙi. Ta tura ƙofar gidan ba sallama, ta ratsa har tsakar gida. Ga Zulema a kujera ƙarƙashin inuwar inabi, kwalin a cinyarta. Néstor, wani ƙaton mutum mai tumbi, yana tsugune gaban murhu yana fifita, dami ɗaya ya riga ya zama toka a ƙarƙashin gawayin.

"Wannan na shekarar farko ne," in ji Zulema. "Shi ya fi kauri, lokacin kina sabuwa. Néstor, zo ka karɓi na biyu."

"Kada ka taɓa!" Ofelia ta daka masa tsawa. Mutumin ya tsaya cak da mafici a hannu.

"Ikon Allah," in ji Zulema. "Ke da waye za ki hana ni ƙona kayana a gidana?"

"Ba ni kwalin."

"In ba ki? Na me? Ai ba naki ba ne. Na ma'auni ne mai mugun rubutu. Na inji ne mai tsalle. Wasu ma nawa ne, ni na buga ba daidai ba. Ba haka kika ce ba? To, kayan mutane zan ɗauka in ba ki?"

"Zulema, kada ki kai ni bango."

"Bangon yana nan bayanki. Ki faɗi na waye, ki ɗauka. In ba haka ba, naman nan yana jiran wuta."

Néstor ya ce, "Mama, don Allah ku bar..."

"Rufe mana baki!" suka ce a tare.

Zulema ta ciro dami na biyu ta miƙa wajen murhu. Ofelia ta ga zaren, ta ga gutsuren da ke jere a saman katunan. Ta tsani matar nan, ta tsane ta har cikin ƙashi, kuma ta san ba ta da wata mafita.

"Nawa ne," ta ce a hankali.

"Kin san kunnena ya yi nauyi."

"Na ce nawa ne!"

"Mene ne naki?"

"Kuskuren! Kuskurena ne, ni na yi su da hannuna, duka! Kin ji daɗi, muguwar tsohuwa?"

Zulema ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau. Sannan ta mayar da damin, ta rufe kwalin, ta ajiye a ƙasa, ta tura shi da gefen sanda har gaban ƙafar Ofelia, don dai ta sa ta sunkuya.

"Na ji daɗi ƙwarai," ta ce. "Ki ja mini ƙofar idan kin fita."

Ofelia ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka. Ba ta ja ƙofar ba.

A cikin mota ta sami kujerar taga, ta ɗora kwalin a cinya. Sai da aka yi nisa ta buɗe. Ta ciro dami ɗaya daga tsakiya tana juya katunan, tana karanta kwanan watan da ke bayansu cikin siririn rubutun Zulema. Wata guda kati ɗaya, wata biyu babu ko ɗaya. Sai ta iso wani wuri, kati tara a jere, duk rana ɗaya. Ta dubi kwanan watan, ta sake dubawa. Washegarin ranar da aka binne ubanta ne. Ita ce ranar da ta saba ba mutane labarinta, cewa ta share hawaye ta je aiki, ta yi shi tsaf kamar yadda tsohon zai so.

Sai ta tuna. Idonta a kumbure, lambobin na rawa a kan takarda, Zulema kuwa tana ɗaga su sama ɗaya bayan ɗaya, har tara, ko ɗaya ba ta rage mata ba.

Ta ɗaga guda wajen hasken taga ta karanta hujin. Inda ya kamata ta buga uku, ta buga takwas. Ba inji ba ne, yatsanta ne, yatsan yarinyar da ubanta ya mutu.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Zulema," ta ce, hawaye na zuba kan rigar cocinta.

Matar da ke kusa da ita ta tambaya ko lafiya. Ofelia ta ce ina ruwanta. Ta mayar da katunan a jerensu, ta rungume kwalin da hannu biyu, har motar ta wuce tasharta ba ta sauka ba.